Tabar da Iliya Ya Fitar Ɗanya

Yayana Iliya, wanda kuke kira Baba Iliya kuna rusuna masa a bakin coci, shi ne ya shiga ɗakina ba na nan, ya kwashi tabar da na naɗa tun tana ɗanya, ya kai ta Sabon Gari, ya ce ni na aiko shi. Ba kuskure ya yi ba. Ya san ɗanya ce, domin da bakinsa ya ɗanɗana ta a gabana. Ya yi haka ne don a raba ni da gonar babanmu ta Bomo, kuma an raba ni da ita. Na fara da wannan ne don kada ku yi ta karatu kuna neman inda na dosa. Ke Rifkatu, kin faɗa mini a gaban ƙannenki cewa girman kaina ne ya sa kuka tashi a gidan haya a Jushi, alhali kuna da rabo a ɗakunan ɗalibai na Bomo. Ban amsa miki ba ranar, don na san kaina, in na buɗe baki a kan wannan magana ihu nake yi. To ga amsar a rubuce. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. In kun ga rubutu ya karkace ku gyara, amma maganar kada wanda ya taɓa ta.

Babanmu manomin taba ne, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Gonarsa tana gangaren da ke bayan gari, jar ƙasa mai ɗan yashi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. A wancan zamanin kamfani ke ba da iri, ya dawo ya sayi ganye. Mu biyu ya koya wa aikin, ni da Iliya: yadda ake fille kan taba kafin ta yi fure, yadda ake cire 'ya'yan da ke tsirowa a hammatar ganye, yadda ake gane ganyen da ya nuna daga ƙarar da yake yi in ka karya shi. Mukan dawo gida hannuwanmu baƙi ƙirin da danƙo, Inna ta hana mu taɓa kwanon tuwo sai mun cuɗa da toka. Zan faɗi gaskiya ko da a kan maƙiyina ce, Iliya ya fi ni hanci. Yakan shinshina ganye ya gaya maka daga wane ɓangare na gonar aka tsinko shi. Daga baya kamfani ya daina sayen ganye a wajenmu, Baba ya rasu, gonakin maƙwabta suka fara zama ɗakunan haya ɗaya bayan ɗaya, saboda ɗaliban jami'a sun yi wa Samaru yawa. Iliya ya koma sayar da siminti da bulo, aka naɗa shi dattijo a coci, ya fara cewa taba zunubi ce. Ni ban ce taba alheri ce ba. Ban taɓa miƙa wa ɗayanku ba, kuma in na kama Dauda da ita zai gane kurensa. Amma da ita aka ciyar da mu, da ita aka saya wa Iliya takalmin da ya fara sawa a ƙafarsa.

Ni kuwa lebura nake yi a gonakin gwaji na Samaru. A nan na haɗu da wani tsoho ɗan Kamaru mai kula da lambun gidan wani malami, muna ce masa Baba Faransi. Hannuna ya kalla ya gane ɗan manomin taba ne. Ya ce a ƙasarsu ya yi aikin wata irin taba da ba a yanka ta, ba a sa mata takarda, ba a sa mata auduga a gindi. Ganye ne zalla ake naɗawa cikin ganye, kaurin babban yatsa, manyan mutane ke shanta a zaune ba gaggawa. Ya ba ni iri a kwalin ashana, ƙanana kamar garin barkono. Duk Lahadi bayan sujada nakan je wurinsa ya koya mini naɗi a kan wani faifan katako. Daminar farko ganyen ya yi mini fumfuna. Ta biyu na bar shi ya bushe ƙayau, yana taɓuwa sai ya zama gari. Kafin ta uku tsohon ya koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsa ba. Abu ɗaya ya nanata mini har na gaji da ji:

"Sabon naɗi, mai naɗin ne kaɗai ke ɗanɗanawa, don ya san inda ta nufa. Baƙo ba ya sa ta a baki sai ta kwanta ta huce. In ka ba baƙo ɗanya, ba zai sake dawowa ba, kuma yana da gaskiya."

A damina ta uku ganyen ya zo yadda ban taɓa gani ba. Faɗinsa ya kai zira'i, ga shi siriri, in ka ɗaga shi a rana kana ganin inuwar yatsunka ta baya. A wannan kakar ce Iliya ya tara mu a ɗakin Inna, ya ce lokaci ya yi da za a zuba ɗakuna a gonar. Inna tana zaune a tabarma tana ɓare kalwa, ba ta ɗago kai ba har ya gama.

"Inna, kowa ya yi gini sai mu," in ji shi. "Bitrus yana wasa da ƙasar da za ta riƙe mu har jikoki. Wa zai sayi wannan abu nasa a Zariya? Wa?"

"Akwai mai saye," na ce.

"Wane ne?"

"Oga Chidi."

Oga Chidi Inyamuri ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Yana da kanti inda yake sayar da giyar waje da irin wannan taba da ake kawo masa daga Legas, tsofaffin sojoji da 'yan kwangila da wasu malamai su ne masu sayensa. Na taɓa kai masa ganye ya gani, ya murza, ya shinshina, ya ce in na naɗa in kawo, in ta yi zai karɓa duk shekara. Na gaya masa sai ruwa ya zauna, ya ce ba ya sauri. Da na gama bayani Inna ta karkaɗe zaninta ta yanke hukunci:

"Ni ban san taba ba sai warinta a rigar ubanku. Amma na ji. In mutumin nan ya sha ya karɓa, gona ta zauna gona, Iliya ka nemi wani fili. In ya sha ya ƙi, Bitrus ka cire hannu, a yi ɗakuna. Kada wanda ya dawo mini da maganar nan bayan haka."

Muka amsa mu duka biyu. Ku lura da yadda ta faɗa. Ba ta ce yaushe ba, domin a gabanta na ce sai ruwa ya zauna, kuma ba wanda ya yi gardama.

Ku da kuka tashi a gari ba ku san wahalar aikin nan ba, don haka bari in gaya muku kaɗan. Na rataye ganyen a rumfar kara da ni da Baba muka kafa, cikin inuwa, har ya juya daga kore zuwa launin ƙasa. Na sauke shi na yayyafa masa ruwa, na tara shi tsibi na lulluɓe da buhunan algarara, ya yi gumi. Kullum sai na cusa hannu cikin tsibin in ji zafinsa, in ya yi yawa in warware in sake tarawa, na ciki ya koma waje. Uwarku Ladi ta ce tunda ta aure ni ban taɓa duba ta da zazzaɓi yadda nake duba ganyen nan ba. Bayan Kirsimeti na zauna naɗi. Na sa kafinta ya yi mini akwatin madaci, na jera su ciki sahu bisa sahu, na sa akwatin a cikin tsohuwar randa da jiƙaƙƙen tsumma a gindinta, saboda iskar rani tana fasa su. Daga nan aikin ya zama na jira. Taba da aka naɗa sabuwa tana da wani wari da take fitarwa a hankali, sai ya gama fita ainihin ɗanɗanonta ke bayyana, kuma ba abin da ke hanzarta shi.

Wata ranar Asabar da la'asar na ɗauki kara ɗaya na tafi bayan rumfa don in ɗanɗana, kamar yadda aka koya mini. Ina cikin kunnawa sai ga Iliya ya zo da igiyar awo a hannu, wai yana duba iyaka. Ya tsaya a kaina. Na ja na farko, ya bugi hancina kamar na sa fuska a garken awaki da safe, idona ya kawo ruwa, maƙogwarona ya ɗauki yaji. Na daure na ja na biyu, na riƙe a baki. A bayan warin nan akwai wani abu kamar gyaɗa da aka soya a yashi, da ɗan zaƙi-zaƙi irin na ɗinya, yana zuwa yana ɓacewa. Nan na san na samu. Na ɗaga kai na ga Iliya yana bin hayaƙin da hanci. Ya duba hagu ya duba dama, ba kowa sai kaji.

"Kawo in ji," ya ce.

"Dattijon coci?"

"Kai, kawo nan."

Ban ɗauke shi baƙo ba. Ɗan Baba ne, a gonar nan aka yanke masa cibi kamar ni. Na miƙa masa. Ya tsuguna kusa da ni da farar rigarsa, ya ja, ya yi tari har ya dafa ƙasa, muka yi dariya mu biyu irin wadda rabonmu da ita tun muna yara. Sai ya sake ja a hankali, ya lumshe ido, ya fitar ta hanci. Ya juya karan yana kallon tokar, fara sol, ta tsaya ba ta zube ba.

"Bitrus," ya ce, "ɗanya ce shataf. Amma in ruwa ya sauka a kan wannan, ko Baba bai taɓa yin irinta ba."

Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Na shiga gida na gaya wa uwarku cewa Yaya ya sauko. Ita ce ta tambaye ni, in ya sauko me igiyar awo take yi a hannunsa.

Ana cikin zafin bazara mahaifin uwarku ya rasu a Zonkwa, muka tafi jana'iza da ku duka, ke Rifkatu kina goye da Dauda a mota kina kuka wai ya yi miki nauyi. Da muka dawo na tarar da murfin randa a jingine da bango, akwatin a buɗe, an kwashe na sama duka, saura sahun ƙasa. Na fito tsakar gida na tambayi Inna wa ya shiga ɗakina.

"Yayanka ne. Ya ce kai ka ce ya kai wa mutumin, wai ta yi."

Ko ruwa ban sha ba na hau acaɓa zuwa Sabon Gari. Oga Chidi yana hango ni ya miƙe daga kujera, ya fito bakin kanti don kada in shiga.

"Bitrus, me na yi maka?" ya ce. "Na tara manyan mutanena ranar Asabar, na ce musu yau za su sha ta gida, ta Zariya. Na yi ta cika baki. Wani Manjo, tsohon soja mai hawan jini, ya ja biyu ya yi amai a kan takalmin wani. Wani ya ce in buɗe taga, wai akuya ta yi fitsari a kantina. Kantin da ubana ya bar mini!"

"Oga, ba na ce maka sai ruwa ya zauna ba?"

"Ka ce. Amma yayanka ne ya zo, uwa ɗaya uba ɗaya, da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya ce ka canza dabara, ta yi da wuri. In ban yarda da shi ba da wa zan yarda?"

Ya ce Iliya yana nan zaune lokacin da ake sha. An miƙa masa, ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya taɓa taba. Da mutane suka fara tari sai ya girgiza kai ya ce dama ya gaya wa ƙaninsa aikin nan ba nasa ba ne. Kafin mako ya zagayo labarin ya iso Samaru. 'Yan acaɓan bakin kasuwa suka laƙaba mini Fitsarin Akuya. Kun san sunan, an kira ku da shi a makaranta, kai Dauda har ka fasa wa wani yaro baki a kansa. Yanzu kun san inda ya fito.

Da na dawo Bomo na tarar Iliya ya riga ni wurin Inna. Ya ce mutumin ya sha ya ƙi, magana ta ƙare. Na ce sata ya yi. Ya ce taimako ya yi, ya ga ina cikin makoki ya ɗauke mini aiki, shi ina ya san taba tana da lokaci, shi da ya bar ta shekara da shekaru. A gaban uwarmu ya faɗi haka, bai ko ƙifta ido ba. Na ce ya rantse bai sha ba a bayan rumfa. Ya ce Kirista ba ya rantsuwa. Ba a yi kwana nawa ba sai ga tifa ta sauke yashi a kan kunyoyina. Shi gaggawarsa ke nan, yana so a zuba harsashi kafin ruwa, ɗakuna su tashi kafin sababbin ɗalibai su zo. Rumfar da muka kafa da Baba, leburori suka ture ta da safe, suka dafa shayi da karanta.

Ruwa ya sauka, ya zauna. Na buɗe akwatin na ɗauki kara ɗaya daga sahun da ya rage. Warin nan ya tafi gaba ɗaya. Hayaƙin ya yi laushi, ya cika baki, gyaɗar nan ta fito fili, zaƙin ya tsaya bai gudu ba, a ƙarshe kuma wani ƙamshi kamar na ƙasa in an yi yayyafin farko. A kan tulin bulo na zauna na sha ta, a inda nake renon iri a da. Washegari na kai wa Oga Chidi. Da farko ya ƙi karɓa. Na ce ba saye na ce ya yi ba, ya sha kawai, in ya yi tari sau ɗaya in tafi kada ya sake ganina. Ya shigar da ni bayan kanti ya kunna. Ya sha har ta kusa ƙona masa yatsa.

"Kai," ya ce. "Da wannan aka kawo mini."

"To ga ta na kawo."

"Bitrus, na yarda da kai. Amma mutanena ba za su sake sa bakinsu ba. In na ce ta Bomo ce dariya za su yi, in na ɓoye na ce ta waje ce na zama ɗan damfara. Sunan ya riga ya mutu."

"To zo ka faɗa wa uwata abin da ka faɗa mini."

"A'a. A garin nan aka haife ni, kuma abin da ya sa har yau nake zaune lafiya shi ne ba na shiga tsakanin wa da ƙani."

Ban riƙe shi a zuciya ba. Shi baƙo ne, an ba shi ɗanya. Na koma wurin Inna ni kaɗai. Na same ta tana buɗe daddawa. Na ce Inna, ke da kike wannan sana'a, in wani ya buɗe miki kwando kafin lokaci ya kai kasuwa ya ce ga daddawar Inna, kalwar ce ta lalace ko wanda ya buɗe? Ta gane sarai, domin hannunta ya tsaya. Ta share ido da bakin zani.

"Na tsufa, Bitrus. Ku biyu Allah ya bar mini. Wanne zan kira maƙaryaci? Gini ya kai taga. Ka yi haƙuri, za a ba ka ɗakunanka."

A ranar na yanke shawarar barin gidan. Na san in na zauna zan riƙa cin tuwo kwano ɗaya da shi, wata rana kuma zan karɓi hayar ɗaki, daga nan kowa zai ce ai Bitrus ma ya ga gaskiya, gini ya fi. Uwarku ba ta so ba. Ta ce:

"Baban Rifkatu, an cuce ka, na sani, ni na fara gani. Amma yaran nan ba hayaƙi za su ci ba."

Duk da haka ta ɗaure kaya ta biyo ni. Ɗaki ɗaya muka samu a Jushi, bayan gidan wani mai walda, da rufin da ke yoyo a kan gadonku. Na bar aikin Samaru saboda nisa da kuma sunan nan, na koma dako da ɗaurin kaya a kasuwar Sabon Gari, har bayana ya lalace. Uwarku ta soya ƙosai a bakin titi har hayaƙi ya taɓa mata ido. Ke Rifkatu kin zauna shekara guda a gida kafin ki ci gaba da makaranta, 'ya'yan Iliya kuwa ana kai su a mota. Ban manta ko ɗaya ba, kuma ba zan ce muku bai yi ciwo ba. Inna ta rasu ina zuwa gaishe ta kamar baƙo, in zauna a bakin ƙofa in tashi. Wannan ya fi komai ci mini rai. Tabar da kuke gani a tsofaffin bokitai a bayan ɗaki, jikokin irin nan ne na kwalin ashana. Ba na sayarwa, ba na ba kowa. Ina shuka ta ne don kada irin ya mutu a hannuna. In na mutu kuka ga dama ku je ku karɓi ɗakunan, ba zan tashi in hana ku ba. Ina so dai ku san abin da ke ƙarƙashin simintin kafin ku miƙa hannu.

Bayan an yi addu'ar cikar Inna shekara, Iliya ya zo Jushi. Ba ku nan, kuna makaranta, shi ya sa ba ku san an yi ba. Da rana tsaka ya zo, ya ajiye mota a bakin layi don ba ta shiga lungunmu. Ya yi furfura, ya yi tumbi, yana tafiya yana tattare riga saboda kwata. Uwarku ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi baya. Sai ya zaro makullai biyu a zare ɗaya ya ajiye a gabana.

"Ɗakuna biyu ne na bakin ƙofa, masu banɗaki a ciki," ya ce. "Inna ta bar wasiyya in ba ka. Bitrus, mun girma. Abin da ya wuce ya wuce. Fasto ma ya yi mini magana, ya ce bai kamata in riƙa raba Jibin Ubangiji a coci ƙanina yana fushi da ni ba. Kuma ka duba, ai Allah ne ya raba ka da abin nan. Da yanzu kana can kana sayar wa mutane ciwo."

Uwarku tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon makullan, ni ma na san abin da take gani, rufin da ba ya yoyo da kuɗin makarantarku. Na kalle ta, ta kalle ni, ta juya ta shiga ɗaki. Na sa yatsa na tura makullan har suka taɓa gwiwarsa.

"Yaya, mayar da su aljihu. Ranar da na ɗauki makullan nan na yarda tabata ce ta faɗi, kuma ba ta faɗi ba. Kada ka sa Allah a ciki, ba shi ya buɗe randata ba. Da ka zo ka ce mini, Bitrus, ina son filin nan, na fi ka ƙarfi, zan ƙwace, da na yi fushi na huce, da yanzu muna cin tuwo tare. Amma ka mai da ni abin dariya a garin da aka haife ni, ka bar 'ya'yana suna amsa sunan fitsari, ka bar uwarmu ta mutu ba ta iya faɗin wanne ne maƙaryaci a cikin 'ya'yanta ba. Sulhu kake so? Ranar Lahadi, bayan wa'azi, lokacin da ake ba da shaida, ka tashi da farar rigarka a gaban mutanen Bomo ka ce: na sha tabar ƙanina, na san mai kyau ce, shi ya sa na sace ta. In ka faɗa, ka riƙe ɗakunan duka, na bar maka, kai da 'ya'yanka, kuma ni zan fara miƙo maka hannu a bakin coci. In ba za ka iya ba, sha ruwanka ka tashi. Yaran layin nan ba su da kirki, suna zana wa mutane mota da ƙusa."